Kwalbar Shaida

Idan ka shiga unguwar ka tambayi gidan malamar kimiyya, za a tsaya ana kallonka kamar ka yi wani yare. Amma ka ce Malama Kwalba, kafin ka rufe baki mutum uku sun nuna maka ƙofa ɗaya. Sunan ya samo asali ne daga jakar da take ratayawa shekara talatin, wadda tun daga nesa ake jin kwalabe suna karo a cikinta kafin a ga mai ita. Ɗalibanta ne suka laƙaba mata a ɓoye. Da labari ya zo kunnenta, maimakon ta yi fushi sai ta ce ai ita ta gode Allah, domin ta ji wanda suka sa wa malamin lissafi. Tun daga ranar sunan ya zauna daram, har mijinta idan yana neman tsokana da shi yake kiranta.

Gajeriya ce, mai saurin tafiya, irin mutanen da za su juye jaka kaf suna neman tabarau alhali yana kan goshinsu. Tana koyarwa a sakandaren 'yan mata da ke ƙarshen kwalta. Ɗakin gwaje-gwajenta yana da famfo shida, kuma a tarihin makarantar ba a taɓa ganin shidan sun kawo ruwa rana ɗaya ba. Akwai madubin ganin ƙwayoyin cuta guda ɗaya tal a cikin kabad, makullinsa a wuyanta yake kwana. Duk yarinyar da ta wuce ta hannunta za ta iya manta komai, amma ba za ta manta ranar da Malama ta ɗiga mata ruwan kwata a ƙarƙashin madubin nan ta ce, "Leƙa ki gaishe da maƙwabtanki" ba.

Mahaifinta mahaƙin rijiya ne. Ta tashi tana ganinsa yana fita da igiya a kafaɗa da gajeren diga a hannu, ya dawo jikinsa jawur da ƙasa, idanun kawai ke fari. Yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya karyawa ko waye mai rijiyar. Idan ya gama aiki, ba ya barin kowa ya kai ruwan baki sai shi ya fara sha, ya koma gida ya kwana, washegari ya dawo da ƙafarsa ya ce, "To, ku sha." Mahaifiyarta ta yi mita har bakinta ya gaji, tana cewa wata rana zai kwankwaɗi ajalinsa a kofi. Shi kuwa amsarsa ba ta wuce, "Ni na haƙa, ni zan fara sha."

Abu ɗaya ne ya tsaya wa tsohon a rai. Akwai wata rijiya da ya haƙa, ruwanta garau, ga daɗi a baki, ya sha ya kwana lafiya. Amma da damina ta sauka, sai yaran gidan suka dinga gudawa ɗaya bayan ɗaya. Ya koma ya leƙa, ya sansana, ya ɗanɗana, bai ga komai ba. Shekaru yana juya abin a zuciyarsa. Ranar da aka fara nuna wa 'yarsa ɗigon ruwa a madubi, tana 'yar shekara goma sha uku, da gudu ta dawo gida, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Baba, akwai abubuwa masu rai a cikin ruwa! Suna yawo, suna da yawa, ido ba ya ganinsu!"

Ya sa ta maimaita masa sau uku. Sannan ya ce, "Ashe shi ya sa. To, ni nan idona ya tsaya. Ke ki je ki koyo mana sauran."

Ta je kuwa. Ta yi kwalejin horon malamai, daga baya ta ƙara da jami'a da goyo a bayanta. A shekarar da ta gama kwaleji ne mahaifin ya haƙa rijiyarsa ta ƙarshe, a ƙofar gidan amininsa Kafinta. Da tari ya fito daga cikinta, bai sake shiga wata ba har Allah ya karɓi abinsa. Rijiyar ta zama ta unguwa duka. Duk ranar da famfo ya ɗauke, kuma ya fi ɗaukewa fiye da kawowa, nan ake layi da bokitai.

Aikin da ya ba Malama suna ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya taɓa ce mata sannu a hukumance. Kowace Asabar takan zagaya rijiyoyi da famfuna da tankunan unguwa ta ɗebi ruwa. Hanyarta mai sauƙi ce. Takan dafa kwalabe da marafansu a wata tukunya da ba a girki da ita, ta kife su a cikin tukunyar su bushe a rufe. Sai ta saka wata 'yar takarda mai magani a kowace kwalba, ta zuba ruwan da ta ɗebo, ta rufe, ta jira kwana biyu. Idan ruwan ya tsaya da launinsa, lafiya lau. Idan ya koma baƙi, ƙazantar bayan gida ta shige shi, ta mutum ko ta dabba. Sakamakon kuma yana shiga littafi, kuma littattafan sun cika kwali biyu a ƙarƙashin gado.

Cikin kwalaben akwai wadda take kira kwalbar shaida. Ita ba ruwan kowa ake zuba mata ba sai tafasasshen ruwa mai tsabta, a ajiye ta tare da sauran. Idan shaida ta yi baƙi, to laifin ba na rijiya ba ne, na mai gwajin ne ko na kwalabensa, sai a zubar da komai a sake. Malama ta fi son wannan darasi a kan kowane darasi. Takan ɗaga kwalbar a gaban aji ta ce, "Kafin ki tuhumi ruwan mutane, fara tuhumar hannunki." 'Yan aji sun haddace har suna kwaikwayon muryarta a bayan ido.

Kada a ɗauka rayuwarta duka kwalba ce. Malama tana kiwon tattabaru, kuma son da take musu ya wuce misali. Ɗakinsu yana kan katangar tsakar gida, kowace da sunanta. Akwai mai kumbura ƙirji da take kira Shugaban Makaranta, akwai Mai Latti wadda kullum sai an gama cin hatsi take sauka. Bayan tattabaru sai ƙwallon ƙafa a rediyo. Ba ta taɓa shiga filin wasa ba, ba ta san fuskar ɗan wasa ko ɗaya ba, amma idan ana wasa maƙwabta kan ji ta ta katanga tana yi wa mai tsaron gida faɗa kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

Mijinta direban bas ne da ya ajiye aiki bara, kowa Direba yake ce masa. Dogo ne, mai sanyin hali, wanda ya yi shekara talatin da biyar a kan titi bai taɓa taka ko kaza ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka. Zaman gida bai karɓe shi ba. A wata uku na farko ya gyara duk abin da ya lalace a gidan, a wata uku na biyu ya fara gyara abin da bai lalace ba. Yana alfahari da matarsa ƙwarai, yana kuma tsintar kimiyya daga bakinta gutsure-gutsure, ya je majalisa ya baje wa abokansa kamar shi ya ƙirƙiro.

Saura wata huɗu ita ma ta ajiye aiki, sai ta zamo daga kan tsani tana duba ƙwan Mai Latti, ta karye a wuyan hannun dama. Aka ɗaure hannun. Dole ta dakatar da zagayen Asabar, amma rijiyar mahaifinta lokacin gwajinta ya yi, ita kuwa ba ta taɓa tsallake mata lokaci ba. Direba ya ga aiki ya faɗo masa daga sama.

"Malama, ki bar mini kwalaben. Mutumin da ya wanke injin bas, kwalba ce za ta gagare shi?"

Ta gaya masa yadda ake dafawa, ta tafi makaranta. Da ta dawo ta tarar da kwalabe uku a rufe, a jere, suna ƙyalli. Har ta yaba masa, ya kwana biyu yana tafiya da ƙirji a gaba.

Ta ɗebo ruwan rijiyar ta zuba a cikinsu. Bayan kwana biyu kwalabe ukun suka yi baƙi ƙirin.

Malama ta zauna a bakin gado tana kallonsu. Ta ce a sake. Direba ya sake shirya wasu uku, ta sake ɗebowa, suka sake yin baƙi. Ta yi kuka a ranar, kukan da ba ta yi ba ko da ta karye. Amma ta ɗauki biro da hannun hagu ta rubuta takarda, rubutun a karkace, ta kai wa jami'ar lafiya ta unguwa, wadda tsohuwar ɗalibarta ce. Jami'a ba ta ko sake tambaya ba, tunda Malama ce ta faɗa. Washegari aka shafa jan fenti a bakin rijiyar, aka ɗora mata katako. Kafinta, wanda yanzu tsufa ya ranƙwafar da shi, ya ce shi ba zai zauna da ramin da zai cuci jikokin mutane a ƙofar gidansa ba. Ya sa ranar da za a cike ta da ƙasa, Juma'ar ƙarshen wata.

Ranar Alhamis, ana gobe za a cike rijiyar, aka tashi makaranta da wuri saboda an gama jarrabawa. An kwance mata hannu a makon, tana shirin komawa zagaye. Ta turo ƙofar gida da azahar, abin da ta gani ya sa ta tsaya cak.

Kwalabenta goma sha biyu ne a jere a kan katanga, baki a buɗe, a ƙarƙashin ɗakin tattabaru. Marafan suna gefe a kan tire. Shugaban Makaranta yana takawa a tsakaninsu da isa, wata ta hau bakin kwalba ɗaya tana gyaran fiffike, ƙurar busasshen kashinsu tana sauka a hankali duk lokacin da suka tashi. Direba yana zaune a inuwa da rediyo a cinya, fuskarsa cike da jin daɗin mutumin da ya gama aikin kirki.

"Kin dawo da wuri! Na so in ba ki mamaki. Na dafa miki na ranar Asabar duka."

Ta ce, "Malam, me suke yi a kan katanga?"

"Shanya mana. A cikin tukunyar nan ba sa bushewa da kyau, sai ki ga raɓa a ciki. Kuma ba ke kika ce rana tana kashe ƙwayoyin cuta ba? Nan ne rana ta fi bugawa a duk gidan."

"Waɗancan shidan ma, na rijiyar Baba, a nan ka shanya su?"

"A nan mana. Ai kin ga yadda suka yi ƙyalli."

Maganganu sun taru a bakinta, masu zafi, irin waɗanda idan suka fita ba sa komawa. Ta buɗe baki, sai ta ga fuskarsa tana sauyawa. Ya kalli kwalaben, ya kalli tattabarun, ya kalle ta. Direba ba shi da boko mai zurfi, amma ba wawa ba ne. Ya kashe rediyon, ya ajiye shi a ƙasa a hankali.

"Malama, ni ne ke nan?"

Ta shige ɗaki ta jawo littafin bana ta buɗe. A kowane shafi akwai layin da aka rubuta shaida a kansa, kuma layin babu komai a ciki. Ta koma baya, ta jawo na bara, shi ma haka. Shekara biyu ke nan rabonta da ajiye kwalbar shaida. Ba mantuwa ba ce, ta san ranar da ta fara. Shekara ashirin da takwas shaida ba ta taɓa yi mata baƙi ba, sai wata Asabar kwalba ta yi mata ƙaranci, ta ce a ranta hannunta ai ya wuce tuhuma. Daga nan ta ci gaba da koya wa yara darasin a aji tana tsallake shi a gida. Da ta ajiye shaida ko ɗaya a cikin gwajin nan biyu, da tuni ta san laifin na kwalba ne.

Ta zauna da littafin a cinya, kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Zuciya kuma, da yake ba ta da ta ido, ta fara kawo mata shawara. Ba wanda ya sani sai ita da mijinta. Gobe war haka ƙasa ta rufe maganar. Saura mata 'yan watanni ta ajiye alli da sunanta fes, makaranta ma har ta fara shirin karrama ta. Idan kuwa ta buɗe baki, duk wanda ta taɓa cewa ya rufe rijiyarsa zai taso, kuma yana da gaskiya. Ta saurari shawarar har ƙarshe, domin ba waliyyiya ba ce, ta ma ji daɗinta na ɗan lokaci. Sai ta tuna tsohon da ya fito daga ramin nan yana tari, ya karɓi kofi ya sha kafin kowa.

Direba ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

"Bari in je in gaya musu ni na ɓata. Ni ba ni da sunan da zai zube. A yi mini dariya kwana biyu a majalisa, shi ke nan."

"Kai ka shanya, Malam, amma ni na bar shaida a gida. Kai ba ka sani ba, ni na sani." Ta miƙe tana neman tabarau. "Ɗauko mini jakata. Ka sa waccan kwalbar da tattabara ta hau a ciki, kada ka wanke ta."

"Yana kan goshinki," in ji shi a hankali.

Da la'asar suka isa ƙofar gidan Kafinta. Tifa ta riga ta juye jar ƙasa tuli guda a gefen rijiyar, shebur biyu a soke a kai. Mutane suna zaune a bencin shagon Kafinta kamar kullum, har da Mai Shayi, mutumin da bai taɓa barin magana ta wuce shi ba. Malama ta aika aka kira Jami'ar lafiya. Ta durƙusa ta gaida Kafinta, sannan ta miƙe ta yi magana da muryar aji, yadda na ƙarshen benci zai ji.

"Baba, na zo in janye takardata. Gwajin da na yi wa rijiyar nan ba daidai ba ne. Kwalabena ne suka ƙazantu a gidana, kuma ban ajiye shaida ba, abin da nake koya wa yara kullum. Ban ce ruwan yana da kyau ba, ban sani ba tukuna. Na dai ce abin da na faɗa a kansa ba shi da tushe. Kuskurena ne."

Jami'a ta sunkuyar da kai kamar ita aka kama, ta ce ƙasa-ƙasa, "Malama, da kin kira ni gefe ai."

"A gaban mutane aka shafa fentin, 'yata. A gabansu za a yi maganar."

Mai Shayi ya gyara zama. "To, Malama, tunda abin ya zo da haka, rijiyar yayata da kika sa aka rufe bara fa? Ita ma tattabarun ne?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ya yi shiru. Tambayar ta soke ta, amma ta san a kan hanya take.

"Waccan ni na dafa kwalaben da hannuna, kuma zuciyata ta ba ni daidai ne. Amma ita ma ban ajiye mata shaida ba. Rijiya huɗu na sa aka rufe a shekara biyun nan. Duk zan sake su, ɗaya bayan ɗaya, a gaban masu su."



Kafinta ya kalle ta da idanunsa da suka fara yin fari. "Leburori da sassafe za su zo, 'yar aminina. Kwana nawa kike nema?"

"Biyu, Baba."

"Ubanki kwana ɗaya yake nema, ke biyu. Ashe boko ƙara wa mutane jira yake yi." Ya juya ga na kusa da shi. "A gaya wa leburori sai an neme su."

"Idan ta sake yin baƙi," in ji Malama, "ni zan fara zuba shebur."

A nan ƙofar gidan aka hura wuta, ta dafa kwalabe da kanta, Jami'a tana tsaye a kanta kamar mai sa ido a jarrabawa. Aka ɗaga katakon, aka cika kwalba uku da ruwan rijiya. Ta huɗu shaida ce, tafasasshen ruwa a dafaffiyar kwalba. Ta biyar kuma tafasasshen ruwan ne dai, amma a kwalbar da Direba ya shanya. Aka jera su a akwatin kayan aikin Kafinta, aka kulle, Jami'a ta tafi da makullin.

Kwana biyun nan sun yi wa gidan Malama tsawo. Ranar Juma'a aka yi babban wasa, rediyo yana kan taga ba wanda ya kunna, har maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Direba ya rage cin abinci, ya daina zuwa majalisa. Ta fito da safe ta same shi a kan tsani da guduma, zai sauke ɗakin tattabaru.

"Me suka yi maka?"

"Su suka jawo."

"Su a gidansu suke, kai ka kai musu kwalabe har ƙofa. Sauko kafin mu zama karyayyu biyu a gida ɗaya."

Ya sauko, ya zauna a matakalar ƙarshe. "Shekara talatin da biyar ban taka ko kaza ba. Na zo gida na take rijiyar surukina."

Dariya ta kufce mata, ta farko a kwanakin, da hawaye a cikinta. Ta zauna kusa da shi. Ba ta gaya masa tsoron da ke cinta ba, cewa mai yiwuwa ne rijiyar ta lalace da gaske, ta zubar da sunanta kuma ta rasa ta. Shi ma ya sani, shi ya sa bai tambaya ba.

Da yammacin Asabar mutanen da suka taru sun ninka na ranar Alhamis, har da tsofaffin ɗalibanta da goyonsu. Jami'a ta buɗe akwatin. Ta ɗaga shaida sama, garau take. Ta ɗaga ta farko, ta biyu, ta uku, rana tana ratsa su ba ko ɗigon baƙi. Sannan ta ɗaga ta biyar, ta Direba, baƙa wuluk kamar an jiƙa gawayi. Wurin ya ɓarke da dariya da tafi. Mai Shayi ya ce daga yau sunan Direba ya koma Malam Shanya, kuma abin takaici, sunan ya zauna.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta karɓi guga ta zura da hannunta mai ciwo, ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Igiya ta bi ta cikin tsohon zanen da igiyoyin shekara arba'in suka yi a bakin simintin. Ta jawo, ta cika kofi. Wata mata ta miƙo bokiti, Malama ta ɗaga mata hannu.

"Tukuna. Ni na tuhume ta, ni zan fara sha."

Ta sha har ƙasan kofin. Ruwan yana da sanyi da ɗan ɗanɗanon ƙasa, yadda ta san shi tun tana budurwa. Kafin ta ajiye, dogon hannu ya zo ta kafaɗarta ya karɓe kofin.

"Ni na ɓata," in ji Direba, "ni zan sha na biyu."

"To, yanzu sai mu ɗiba?" matar ta tambaya.

"Sai gobe, idan na dawo da ƙafata."

Jami'a ta matso ta yi mata raɗa. "Malama, ai kwalabe sun riga sun gama magana."

"Kwalabe ƙa'idata ce, 'yata. Wannan kuma ta wanda ya haƙa rijiyar ce."

Washegari tun da hantsi layin bokitai ya kai bakin kwalta. An kankare jan fentin, an kwashe jar ƙasar an cike ramukan titi da ita. Kafinta ya sa an fito masa da kujera ya zauna kusa da rijiyar da sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Ba wanda ya taɓa guga. Can sai aka jiyo ƙarar kwalabe suna karo daga kan kwana, sannan aka ga gajeriyar mace tana sauri, dogon mutum a bayanta yana riƙe da tukunyar dafa kwalabe, domin daga nan gidan yayar Mai Shayi za su wuce.

Ta gaida Kafinta, ta tsaya a bakin rijiyar, ta dafa simintin da tafin hannunta. Ta kalli layin mutanen, ta gyara murya, amma muryar aji ba ta zo ba. Wata ce ta fito, ƙasa-ƙasa, a dishe.

"To, ku sha."

Guga ya faɗa ruwa. Kafinta, wanda rabonsa da jin kalmomin nan a wurin nan shekara arba'in ba kaɗan, ya jawo hularsa ya rufe fuska da ita, ya ce wa na kusa da shi rana ce ta dame shi.